Shanun Ingila ba shanun Fulani ba ne

Duk shekara, ɗalibanmu na sauka birnin Sheffield na Ingila a watan Satumba sai a ce in kai su Peak District, yankin tsaunuka da karkara da ke kusa da birnin, su sha iska. Ina kai su. Amma bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane ayari, shi ya sa na rubuta, wanda ya karanta ya hutar da ni.

Babban kuskure, wanda ya kusa aika ni lahira, shi ne raina saniya mai jego. Ni da na tashi ina ratsa garken Fulani da ƙafa, na ɗauka saniya ba ta da abin da za ta koya mini. Wata rana a watan Mayu, ni da wani Bature abokin aikina da karensa, hanya ta biyo da mu ta wani fili, shanu na kwance da maruƙansu. Na nufi tsakiyarsu kai tsaye, har ina yi musu irin kiran makiyaya. Wata uwa ta miƙe ta sunkuyar da kai, sauran suka taso. Shanun Fulani kullum suna tare da mai sanda, sun san mutum. Waɗannan kuwa a fili ake barinsu su kaɗai, kare kuma abokin gaba ne a wurinsu. Abokina ya saki igiyar, karen ya zura da gudu, suka bi shi. Ni na haye katangar duwatsu na faɗa cikin ganyen nan mai ƙaiƙayi kamar wuta, gwiwata ta fi wata guda ba ta lanƙwasuwa. Sakin karen shi ne daidai, haka ƙa'idar yawon karkara ta ƙasar ta tanada, don kare ya fi ka gudu. Mutane na mutuwa a ƙarƙashin kofaton shanu a ƙasar nan, ba almara ba ce. Yanzu in na hango maraƙi gefen shinge nake bi, in kuma sun tare hanya sai in juya, ko da zai ƙara mini rabin awa. Wasu na cewa tsoro ya yi mini yawa. Su ce.

Sai ƙofar shinge. Yadda ka same ta haka za ka bar ta. Na taɓa tarar da wata a buɗe, na rufe, ina jin na yi aikin lada. Ashe manomin ne ya buɗe don tumakinsa su kai ga kwamin ruwa. Ya iso a kan babur mai ƙafa huɗu, bai ɗaga murya ba, ya dai tambaye ni ko gonar tawa ce. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ku kuma masu ganin fili kore shar ku baza tabarma ku kunna wutar gashi, wa ya ce muku daji ne? Kusan kowane fili a Ingila da mai shi. Hanya kawai aka ba ka: alamar kibiya rawaya a bakin hanya ta masu tafiya a ƙasa ce, shuɗiya har da masu doki da keke. Wata dokar shekarar 2000 ta buɗe wa masu yawo wasu tsaunuka da filayen da ba a nomawa, amma gona ba ta ciki. Scotland ce ke da sassauci tun dokarsu ta 2003, kuma nan ba Scotland ba ce.

Sauran ƙanana ne. Farin takalmin yawon gari ba ya dawowa daga laka da farinsa. Tsuntsun nan mai doguwar wutsiya da ke gilmawa kamar zabo, kada miyau ya tsinke maka: kiwonsa ake yi a sake shi don maharba, lokacin harbinsa daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu. Jefa fatsa a kogi sai da lasisi in ka kai shekara 13, in ba haka ba tara ce. Ɗan ragon da ka gani shi kaɗai yana kuka, bar shi, uwarsa na kusa. Kana komawa gida ka duba bayan gwiwa da ƙugu saboda kaska, wasunsu na ɗauke da wata cuta mai suna Lyme. Ni wandona cikin safa nake cusa shi, yara na ta yi mini dariya.

A Disamba kuwa rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, waya kuma ba ta kamawa a cikin kwari. Wanda bai zo tashar jirgin ƙasa da tocila da rigar ruwa ba, a nan zan bar shi.