Darasi na 9: Aikin da ba a yi shelarsa ba

Ku dubi juna a ajin nan. A cikinmu akwai mai gadi, akwai tela, akwai yaron shago, akwai mai tuƙa a-daidaita-sahu, akwai mai kitso. Kowa ya tambayi na kusa da shi: "Yaya aka yi ka samu aikin da kake yi?" Kaɗan ne za su ce a jarida suka gani ko a rediyo suka ji. Yawancinmu wani ne ya riƙe hannunmu ya kai mu: kawu, maƙwabci, abokin majalisa, ko ƙawar uwa.

Akwai dalili. Ɗauki mai shago a Kantin Kwari da ke Kano. Yaronsa ya samu jari ya tafi ya buɗe nasa, yanzu yana neman wani. Wanda zai ɗauka, shi zai riƙe makulli, shi zai zauna da atamfa da shadda na kuɗi masu yawa idan maigida ya yi tafiya. Irin wannan mutum ba zai manna takarda a bango ba. Bayan sallar azahar zai ja ɗan'uwansa gefe ya ce, "Ka san wani yaro mai amana?" Kafin kwana biyu an kawo masa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Ɗan gidan waye?" Ta biyu kuwa, "Wa zai tsaya masa?" Haka abin yake a kasuwar Singer wajen masu kayan masarufi, haka yake a Ƙofar Ruwa wajen masu kayan gini da na mota. Ko a masana'antun Sharada da Bompai da Challawa, sau da yawa ma'aikacin da ke ciki ne yake fara jin za a ƙara hannu, shi kuma ya gaya wa nasa.

Saboda haka aikin yana nan, labarinsa ne bai iso gare ka ba. Abin da wannan darasi zai koya mana shi ne yadda labarin zai same mu.

Mutane nawa ne suka san kana nema?

Babbar matsalarmu kunya. Mutum ya yi wata shida ba shi da abin yi, kullum yana gaisawa da jama'a a masallaci, ana ce masa "Yaya aiki?" yana cewa "Alhamdu lillahi." Godiya ga Allah wajibi ce, amma ba ta hana ka ƙara da cewa, "Sai dai ina neman abin yi." Na sha ganin mai neman aiki da mai neman ma'aikaci a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, babu wanda ya san buƙatar ɗan'uwansa. Wannan yana damuna ƙwarai. Neman halal ba roƙo ba ne, kuma matambayi ba ya ɓata.

Amma akwai yadda ake faɗa. Wanda ya ce "a taimake ni da kowane irin aiki" ya ɗora wa mai sauraro kaya, domin bai san inda zai kai shi ba. Karanta wannan hira da murya:

"Kawu, ina wuni? Na zo gaishe ka ne, kuma ina da magana."
"Lafiya lau. Ina jin ka."
"Na yi shekara 3 ina koyon walda. Na iya ƙofa, na iya taga, na iya gyaran baro. Maigidana ya koma garinsu. Idan ka ji wani mai gareji yana neman hannu, don Allah ka tuna da ni."
"To, madalla. Akwai wani abokina da ke haɗa ƙofofi. Zan yi masa magana ranar Juma'a."
"Na gode, Kawu. In leƙo ranar Asabar in ji yadda kuka yi?"
"Ka leƙo."

Ka lura da abin da saurayin ya yi. Ya fara da gaisuwa. Ya faɗi abin da ya iya da tsawon lokacin da ya yi yana koyo. Bai ce kawu ya ba shi aiki ba, cewa ya yi a tuna da shi, wannan kuwa ba shi da nauyi a kan kowa. Sannan ya sa ranar da zai dawo. Da yawa a nan suke faɗuwa: su yi magana sau ɗaya su ɓace, su kuma ce an ƙi taimakonsu, alhali mutumin mantuwa ya yi.

Kada ka tsaya a kan 'yan gidanku kawai. Abin da suka sani, kai ma ka riga ka sani. Sabon labari yana zuwa ne daga wanda ba kullum kuke haɗuwa ba: tsohon abokin makarantar allo, direban da ke lodi a tasha, mai shayin bakin kasuwa da kowa ke zama a bencinsa, wanda kuka haɗu a ɗaurin aure. Zumunta a ƙafa take. Wanda rabonka da shi shekara 5, fara kai masa gaisuwa tukuna, kada ranar farko ta zama ranar buƙata.

'Yan'uwa mata, ku ma kuna da naku hanyoyin, kuma suna da ƙarfi: Islamiyya, zubin adashi, gidan suna, gidan biki. Uwar adashi ta san wadda ke neman mai taya ta suyar ƙosai, ta san makarantar da ke neman mai raino ko mai shara. Idan kin iya lalle ko ɗinki, ki bari a ga aikin hannunki, ki kuma ce, "Hajiya, idan wata ta tambaya, ni na yi." Mai waya ta ɗauki hoton aikin ta tura ta WhatsApp.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Teloli suna neman ƙarin hannu kafin azumi da gabanin sallah. Da kaka, lokacin da gero da wake da riɗi ke shigowa kasuwar Dawanau, aikin dako da auna hatsi da ɗinkin buhu yana ƙaruwa. Magina sun fi aiki da rani. Ka fara magana tun kafin lokacin ya kama, domin idan ya kama an riga an cike gurabe.

Idan Allah ya sa aka kai ka, ka tuna cewa da sunan wani ka shiga. In ka yi latti ko ka taɓa abin da ba naka ba, shi za a kira. Ka koma ka yi masa godiya, ka gaya masa yadda ake ciki. Tun ranar farko ka tambayi nawa za a biya ka, kuma a rana ne, a mako, ko a wata, a gaban wanda ya kai ka.

Gargaɗi ɗaya. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saya maka gurbin aikin gwamnati, ka guje shi, ko da ɗan unguwarku ne. Haka wanda ya ce zai kai 'yarka aikatau wani gari ko wata ƙasa ba tare da kun san gidan da mutanen ba. Ku je ku gani da idonku, ku sa mai unguwa ko liman a cikin maganar.

Aikin aji

Ɗauki littafinka ka rubuta sunayen mutum 10 da ka sani. A gaban kowane suna rubuta sana'arsa da inda yake aiki. Ja layi a ƙarƙashin 3 da za ka ziyarta a wannan mako. Daga nan ka cike wannan jimla da hannunka: "Sunana ______. Na iya ______. Na yi shekara ______ ina yi. Lambar wayata ______." Karanta wa na kusa da kai, shi ma ya karanta maka tasa. Ku zo da littattafanku mako mai zuwa, kowa zai faɗi wanda ya je wurinsa da abin da aka ce masa.