Yadda ma'aikacin lafiya zai sauƙaƙa rahoton wata da ƙirƙirarriyar basira

Ma'aikacin lafiya a matakin farko a birnin Kano, ko a Dala yake ko a Fagge ko a Tarauni, yakan ƙarar da kwanakin farko na kowane wata yana tattara alƙaluma daga rijista domin cike fom ɗin da za a shigar a DHIS2, manhajar da gwamnati ke tattara alƙaluman lafiya da ita. Manhajoji irin su ChatGPT da Gemini na iya rage wannan wahala, muddin an bi da su a tsanake.

Kafin ka ba manhajar ƙirƙirarriyar basira komai, cire sunayen marasa lafiya da lambobin wayarsu da adireshinsu, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Jimilla kawai za ka shigar.

Inda ta fi amfani shi ne gano yaran da suka fara allurar rigakafi ba su kammala ba. Ka ba ta adadin waɗanda suka karɓi Penta 1 da Penta 3 (zagaye na farko da na uku na allurar Penta, mai kare yara daga cututtuka biyar) na watanni shida, ka nemi ta cire na biyu daga na farko, ta raba da na farko, ta fitar da kason kowane wata. Idan ya haura kashi 10 cikin 100, akwai yaran da ya kamata a bi su gida-gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Kano, tunda allurar Penta ce ke kare yara daga mashaƙo, cutar da ta addabi jihar a 2023. Idan kuwa Penta 3 ta riƙa zarce Penta 1, a koma rijista, galibi wajen ƙidaya aka yi kuskure. Duk lissafin da ta bayar, ka sake shi da kalkuleta, saboda takan kawo amsar da ba daidai ba cikin cikakken tabbaci.

Tana kuma iya tsara saƙon tunatarwa ga iyaye mata, sai dai Hausarta takan fito a sandare. Ka karanta wa wata ungozoma ko mai unguwa, su gyara kafin a kai wa limamin Juma'a domin ya sanar da jama'a.

Zargin ɓarkewar kwalara ko ƙyanda kuwa ba ya jiran rahoton wata, a ranar ake sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.