Yadda nake bin asalin kalmar kimiyya da ɗalibaina

Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a Marwa, kuma ina ganin yaron da ya san daga inda sunan abu ya fito ba ya saurin manta shi. Ga hanyar da nake bi, da misalin sinadari na 5 a jadawalin sinadarai, boron da Turanci, bore da Faransanci.

Fara da rubuta kalmar a allo cikin harsunan biyu, ka cire wutsiyar da Turawa suka liƙa mata. Wutsiyar boron an kwaikwayo ta ne daga carbon, saura bor. Sai ka buɗe ƙamus mai nuna asalin kalmomi ka bi ta baya: boron daga borax, wato farin gishiri mai ɗauke da sinadarin, borax ta Latin daga Larabci būraq, Larabawa kuma sun aro ta daga Farisanci, būra. Ka riƙa haɗawa da shekara. A 1808 Humphry Davy a Ingila, da Gay-Lussac da Thénard a Faransa, suka fara ware sinadarin, amma sunan gishirinsa ya girme su da ƙarnoni da yawa.

Inda ake yawan zamewa shi ne kamannin sauti. Duk yaron da ya yi makarantar allo, da ya ji būraq zai tuna Buraƙa ta daren Isra'i. Kada ka ce masa a'a kawai. Sa shi ya rubuta su da baƙaƙen Larabci: gishirin بورق da wawu, dabbar براق da alif. Da hannunsa zai ga kalmomi biyu ne.

Bayan haka tambayi abin da kalmar take nufi a da, domin ma'ana tana sauyawa. Arrazi, likitan nan mutumin Rayy kusa da Tehran, ya sa gishiri iri-iri a ƙarƙashin wannan suna, har da natrun, wato kanwarmu ta Tafkin Chadi. Yau borax abu ɗaya tak take nufi. Nan na fi son tsayawa, don daga natrun ɗin aka samu natrium, sunan sinadarin sodium da Latin, tushen alamarsa Na.

Ranar darasi ka sayo kanwa a kasuwa, ka nemi ɗan garin borax wurin maƙeran zinariya masu yin liƙi da shi, ka ajiye kowanne a ƙarƙashin sunansa. A taɓa, a kwatanta, amma ka hana yara lasar borax, yana cutarwa in an haɗiye.