Yadda Za Ka Yi Karatun Lokotoro a Yamai In Kai Ne Na Farko a Gidanku

Da an fito da sakamakon bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, wayata ba ta hutawa. Ƙannen abokai daga Keita, Buza da Illela, maganar ɗaya ce: "Yaya, na samu bak D, medsin nake so." Ina murna, amma ina tuna waɗanda na tarba a tasha da akwati da ƙullin gari, bayan shekara biyu na raka su tashar nan sun haƙura. Galibinsu sun fi ni kai. Abin da ya kayar da su shi ne ba kowa a gidansu da ya taɓa bin hanyar, balle ya nuna musu inda ramukan suke.

Maganar takardu ba zan daɗe a kanta ba. Takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa da sakamakon bak, ka yi fotokofinsu da yawa, a buga musu hatimi tun kana Tahoua, don kada ka zo kana aike gida ta wurin direba. Ana karatun lokotoro a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram. Tamu ta Tahoua, Djibo Hamani, an fi saninta da doka da tattalin arziki. Ni Yamai na yi, ita zan faɗa.

Fara da wurin kwana. Jami'a tana Harobanda, ƙetaren kogi. Za a ce maka akwai kawu a wata unguwa can bakin gari, ka sauka wurinsa kyauta. Ka je ka gaishe shi ranar Juma'a, amma kada ka zauna can. Wanda ke ƙetare gadar Kennedy safe da yamma yana biyan kuɗin taksi sau huɗu, ya iso amfi, babban ɗakin darasi, ya tarar kujerun gaba sun cika, kuma a gidan kawu kai ne ɗan aike. Ka nemi ɗaki a cikin jami'a, in bai samu ba ku haɗa kuɗi ku uku ku kama ɗaki inda ƙafa za ta kai ku. Ƙanwata, ke ma haka, sai dai ki sa wani babba ya je ya shawo kan baba tun kafin ranar tafiya.

Yanzu ga inda na faɗi, shekarar farko. Ni ɗan makarantar allo ne, hadda ba ta ba ni tsoro. A lise da ita na ci kowa. Da na zo sai na ɗauki anatomi, biyoshimi da biyofizik na yi musu yadda na saba: in tara kwafin darasi, in jira jarrabawa ta matso, in zauna ƙarƙashin fitilar titi ina bita har asuba. Ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu takwas, jijiyoyin kai goma sha biyu, duk ina jero su kamar karatun sallah. Ranar jarrabawa aka ce mutum ya karye a tsakiyar ƙashin dantse, hannunsa ya saki ba ya iya ɗaga shi daga wuyan hannu, wace jijiya ce ta taɓu, kuma ta ina ta bi? Na san shafin da amsar take, har tabon shayin da ke gefensa ina gani a idona, amma ban taɓa tunanin jijiyar a jikin mutum take ba. Na maimaita shekarar, kuma laifina ne.

Ga abin da na canza, shi nake tilasta wa duk wanda ya zo hannuna. Darasin yau, yau za ka sake rubuta shi da hannunka, kafin ka kwanta. Anatomi kuma zana shi ake yi: ka sayi bik kala huɗu, ja na jijiyar da ke fita da jini daga zuciya, shuɗi na mai komawa, ka zana, ka rufe kaye, ka sake zanawa daga kai har sai ya fito daidai. Sannan ka taɓa jikinka, ka laluba ƙashin a gwiwar hannunka kana faɗin sunansa.

Na uku shi ne mafi girma, kuma ƴan birni za su yi maka dariya a kansa. Ka bayyana darasin da Hausa. Da Faransanci ake koyarwa, kuma Faransanci yana ɓoye jahilci: kana iya jero jimla mai kyau ba ka san abin da ta ƙunsa ba. In ka iya gaya wa abokinka da bakin Adar yadda ƙoda ke tace jini, kamar inna kake yi wa bayani, to ka gane. In ka tsaya kana "wato, wato", koma ka buɗe kaye. Ku yi rukuni na mutum uku ko huɗu, kada ku wuce haka. Da kun kai shida sai wani ya kawo butar shayi, karatu ya zama fada. Ku roƙi tsofaffin tambayoyin jarrabawa wurin ƴan aji na gaba tun watan farko, ku amsa su da agogo a gaba. Manyan littattafai kada ka saya, tsada gare su, kuma ana yawo da su a waya. Kuɗinka su tafi a fotokofi da abinci.

Sai gida. Hutuna na farko, ban ma ci jarrabawa ba, tsofaffi suka yi layi a zaure. Inna ta ce, "To lokotoro, ga gwaggonka da ciwon gwiwa, mi za ka ba ta?" Na ji kunya na faɗi sunan wani magani da na ji a bakin wani. Allah ya tsare, amma kada ka yi. Ka ce, "Inna, ban kai can ba tukuna, gobe ni zan raka ta likita." Ka kuma zaunar da baba ka gaya masa gaskiya: shekara bakwai ce zuwa takwas, in ba a maimaita ba, kuma burs, kuɗin tallafin ɗalibai, ba albashi ba ce. Na ga yaran da suka aika jika goma gida don a ce ɗa ya fara kawowa, suka ƙare wata da gari da ruwa. Kada ka ci bashi a kan burs ɗin da ba ta shigo hannunka ba.

In ka fara sitaj, wato koyon aiki, a asibitin Lamorde, babban asibitin ƙasa ko gidan haihuwa na Issaka Gazoby, ka manne wa manjo, shugaban ma'aikatan jinya, da ungozomomi. Su za su koya maka neman jijiya a hannun jaririn da zawo ya bushe. Ka yi gardin dare, wato kwana a bakin aiki, ko ba naka ba ne. Ka koyi Zabarmanci na tambayar ciwo, in kuma Abalak ko Cintabaraden kake hange, ka ƙara Tamashek da Fillanci ko kaɗan ne. Hausar ma sai ka sake koyonta: wanda ya ce maka "basir" ko "shawara" ko "zahi" ke damunsa, ka ci gaba da tambaya, don kalma ɗaya tana ɗauke da cuta biyar.

Kowane hutun damina ka kai kanka CSI, ƙaramin asibiti, mafi kusa da garinku, ka ce ka zo taimako. Daga Yuli zuwa Oktoba ake rabon maganin rigakafin masassara ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, lokacin ne kuma tamowa ke tsananta. Can za ka iya ɗaura ma'aunin dantse, ka san in ya sauka ƙasa da milimita 115 yaron nan ba na komawa gida hannu sake ba ne. Can za ka ga mace mai naƙuda a amalanke, asibitin gunduma da nisa, kai ne za ka yanke ko a kira ambilans yanzu. In abin nan bai kore ka ba, ƙauye zai karɓe ka.

Sauran kuwa za ka gani da idonka. Batun tez, binciken kammala karatu, ka zaɓe shi daga rajistar asibitin yankinku, bayanan suna kusa kuma ba ya cin kuɗi. Ka yi rantsuwa, ka yi rajista da ƙungiyar likitoci, ka yi hidimar ƙasa. In aka buɗe horon tiyatar gunduma ga likitocin da ba su ƙware a fanni ɗaya ba, ka sa sunanka, don a Bagaruwa ko Tasara mai iya fiɗa ya ciro jariri cikin dare shi ake nema. Kuma ka koyi tuƙa babur kafin a tura ka.