Ƙarar pusuwar a inji: kurakuran da aka fi yi

Mai mota ya tada inji da asuba cikin sanyin hunturu, ya ji tak-tak-tak daga saman inji kamar keken tela, sai hankalinsa ya tashi ya nufi gareji. In ƙarar ta ɗauke bayan ƴan daƙiƙu, ba abin da ya lalace. Pusuwar ɗan ƙaramin kofi ne na ƙarfe da ke tsakanin arbarakam (sandar da ke juyawa tana danna supaf) da supaf (ƙofar shigar iska da fitar hayaƙi a inji), yana cika da man inji don ya toshe ratar da ke tsakaninsu. Mota ta kwana, mai ya zurare, to sai famfon mai ya sake cika shi. Ƙarar da ta zarce bayan inji ya yi zafi ita ce abin dubawa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan Maraɗi shi ne neman mai mai kauri. Ana cewa zafinmu na Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, don haka kowace mota 20W-50 ta dace da ita. Ramin da mai ke bi ya shiga pusuwar ɗan mitsitsi ne. Injin da kamfaninsa ya rubuta masa 5W-30 ko 10W-40, in ka ɗura masa mai kauri, man kan daɗe bai isa sama ba, musamman da safe. Wani lokaci ƙarar kan lafa, mai mota ya yi ta sa wa makanike albarka, alhali an rufe ciwo ne kawai. Ka koma ga lambar da ke cikin littafin motar. Man da ake aunawa a kwalba bakin hanya kuwa, ba wanda zai iya rantse maka da abin da ke ciki.

Akwai masu cewa yawan mai ba ya ɓata miya, su zuba har ya haura alamar sama ta sandar awo. A inji yana ɓatawa. Babban sandar inji kan riƙa kaɗa man har ya yi kumfa, kumfar ta shiga pusuwar, ita kuwa iska matsuwa take yi, ƙara ta dawo. Ƙarancin mai ma iskar yake jawowa. A auna a wuri mai daidai, inji a kashe, mai ya tsaya tsakanin alamu biyu.

Sai bidanji, wato canjin man inji. Motar da ke zirga-zirga hanyar Ɗan Issa ko ta ƙauyuka cikin ƙura ba za ta jira lokacin motar Turai ba. Tsohon mai yana barin dauɗa kamar kwalta, ta maƙale ɗan ƙwallon da ke riƙe mai cikin pusuwar. Wasu su canza mai su bar tsohon filtir, ko su sa na araha wanda ba ya riƙe mai in an kashe inji. Wasu kuma su zuba gazuwal cikin mai wai wanki, har su hau hanya da shi. Wannan ni ban yarda da shi ba: dauɗar kan ɓalle ta toshe rariyar famfon mai, a tashi daga ƙarar pusuwar a koma gyaran inji gaba ɗaya. Gara sabon mai da filtir mai kyau, a sake wani bidanjin da wuri. Bayan an canza, a bar inji ya yi zafi, a riƙe shi wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, na ƴan mintuna, don iska ta fita.

Kafin a sayi komai, a tabbata ma motar tana da irin wannan pusuwar. Golf 3 tana da shi. Peugeot 504 da hannu ake daidaita supaf ɗinta, mai ba zai kashe ƙararta ba. Ɗora bakin dogon sukudireba kan murfin inji, ka kara kunne a ƙotar, ka bi sautin. Bututun salansa da ke yoyo kusa da inji shi ma tak-tak yake yi da sanyi. In an ji ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, ko jar fitilar mai ta kunna, a kashe inji nan take, a auna ƙarfin famfon mai. In mai da famfo lafiya suke ƙara ba ta tafi ba, pusuwar ya cinye, sai canji, kuma makanike ya duba arbarakam tun murfi yana buɗe.