Idan magen gida ta tsufa tana ciwo: yadda za ku yi jinyarta har zuwa ƙarshe

Mage idan ta kai shekara 11 ko 12 ta shiga sahun tsofaffi, wadda ta kai 15 kuwa likitocin dabbobi na kwatanta ta da mutum ɗan shekara 76. A nan Katsina ba kowace ke kai haka ba saboda mota da karnuka da shinkafar ɓera, amma wadda ke zaune cikin gida wajen Inna ko Hajiya tana samun abinci a kan kari to tana kaiwa, kuma daga nan ne za ku ga ta fara ramewa, gashi ya cukurkuɗe, ta daina hawa katanga, sai a ce ai tsufa ne a ƙyale ta. Eh tsufa ne, amma sau da yawa akwai ciwo takamaimai a tare da tsufan, kuma ana iya rage mata wahala ko ba da kuɗi masu yawa ba.

Abu na farko dai ku sani mage ba ta nuna ciwo. Akuya za ta cika gida da kuka, mage kuwa sai dai ta lallaɓa ƙarƙashin gado ko bayan randa ta yi shiru, don haka ku ne za ku sa ido. Ku riƙa shafa gadon bayanta, in ƙasusuwan sun fara tsini a hannu to nama na zubewa. In akwai sikeli a gida ku hau da ita a hannu, ku sake hawa ku kaɗai ku cire, ku rubuta duk sati biyu. Yawancin magen gida kilo 3 zuwa 4 ne, kun ga in ta rasa rabin kilo ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi kama tsohuwar mage shi ne ciwon ƙoda, kuma alamar farko ita ce shan ruwa. Mage mai kilo 4 abin da take buƙata a yini wajen mil 200 ne, bai kai rabin ledar fiya wata ba, har da ruwan da ke cikin abincinta. In kun ga kullum tana bakin famfo ko tana lasar jikin randa, fitsari ya yi yawa kuma fari fat babu wari sosai, ga amai jefi-jefi, ga warin baki, to ƙoda ce abin zargi na farko. Abin takaicin shi ne kafin alamun nan su fito yawanci kusan kashi biyu cikin uku na aikin ƙodar ya riga ya tafi, kuma ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Ciwon suga ma na kawo shan ruwa da rama, haka ciwon maƙoƙo na cikin wuya wanda ke sa ta ci kamar me amma tana ƙara bushewa, shi ya sa ba a yanke hukunci da ido, sai an yi gwajin jini da na fitsari.

To maganar likita. Likitocin dabbobi na nan garin sun fi sabawa da shanu da tumaki da kaji, wannan ba laifi ba ne, abin da ake kai musu ke nan, amma in za ku je ku faɗi nauyinta daidai kuma ku tambaya kai tsaye ko maganin da za a ba ta an san ana ba mage. In abin ya fi ƙarfin nan akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai kuma na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Sai dai fa doguwar tafiya cikin mota da zafi tana iya ƙarasa mage mara lafiya, gara ku fara ɗaukar bidiyon yadda take tafiya da numfashi ku tura wa likita ta WhatsApp ya ce a kawo ko kar a kawo. In za a tafi a sa ta cikin kwando mai murfi da iska ke shiga, da tsumma a ƙasa, a fita da sassafe, ban da buhu don Allah.

Yanzu wanda ya fi komai muhimmanci, kar ku ba mage Panadol ko kowane farasitamol, ko ɓari ko kwata. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar ta mutum, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, za ku ga dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu sun kumbura, numfashi ya gagara. Haka ibuprofen da diclofenac da duk magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis, su kuma ƙodar suke ƙarasawa. Mutane da kyakkyawar niyya suke yi wallahi, an ga tana ɗingishi an ji tausayi sai a jiƙa rabin ƙwaya a ɗura mata. Maganin kaska na karnuka ko na wankan shanu shi ma kar a shafa mata, musamman mai sinadarin permethrin, yana sa mage karkarwa da farfaɗiya. In an fesa fiya-fiya ko maganin sauro a ɗaki a fitar da ita da kwanon ruwanta sai warin ya fita sarai, don ita duk abin da ya sauka a gashinta lashe shi take.

Ruwa shi ne rabin jinyar. Ku aje mata a wuri uku ko huɗu, ɗaya dab da inda take kwanciya don kar sai ta yi tafiya, a kwano mai faɗi wanda gashin bakinta ba zai riƙa gogar gefe ba, a canza safe da yamma. Kaskon ƙasa ya fi roba don yana riƙe sanyi, da yawansu ma sun fi son ruwan randa. Lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40, nan ne mai ciwon ƙoda ke faɗuwa farat ɗaya, ku yayyafa ruwa a ƙasan inuwa ko ku shimfiɗa mata jiƙaƙƙen tsumma. Ga yadda ake gane ruwan jikinta ya yi ƙasa: ku ɗaga fatar tsakanin kafaɗunta da yatsu biyu ku saki, in ta koma nan take lafiya, in ta tsaya a tsaye tana komawa a hankali, sannan kun taɓa dasashi kun ji shi a bushe yana danƙo, to tana buƙatar ƙarin ruwa. Mage ana iya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata ba sai ta jijiya ba, likita zai iya yi cikin 'yan mintuna, wasu ma yakan koya musu su riƙa yi a gida, za ku ga wani ƙullutu ya taso a kafaɗa, kar ku tsorata jiki na shanye shi a hankali.

Abinci kuma nan ake rigima da mutanen gida, don an saba zuba mata ragowar tuwo da miya. Miyarmu akwai albasa da tafarnuwa, su biyun suna lalata jinin mage, ga gishiri da magi. Busasshen kifi da ƙashi da kifin gwangwani mai gishiri suna da nauyi ga ƙodar da ta gaji. Akwai abincin da kamfanoni ke yi musamman don masu ciwon ƙoda, an rage masa sinadarin fosforas, ana samu a wasu manyan shagunan dabbobi, tsada ne da shi gaskiya, in da hali shi ya fi. In babu, a dafa kaza ko nama zalla ba gishiri ba albasa, a daka ya yi laushi a haɗa da romonsa da ɗan farin dafaffen ƙwai, a ba ta kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, da ɗan ɗumi don ƙamshi ya tashi tunda hancin tsohuwa ya rage ji. Madara ba dole ba ce, yawancin manyan maguna zawo take sa su. Kuma ni dai a ganina in ta kai matakin da ba ta son komai sai abu ɗaya, a ba ta abin da take so ɗin, ci ya fi rashin ci, don mage in ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta sa komai a baki ba hanta na iya taɓuwa. In tana zuwa wajen kwano da marmari sai ta shinshina ta juya, ko dai tashin zuciya ne ko haƙori, duka biyun akwai abin da likita zai iya yi a kai.

Wurin kwanciya ba wani abu ba ne, kwali da tsohon bargo a ƙasa inda ba sai ta yi tsalle ba, lokacin hunturu a shigo da ita ɗaki da dare don sanyi na tayar da ciwon gaɓoɓi. A zuba yashi cikin faffaɗan faranti mara zurfi kusa da ita, in ta yi fitsari a tabarma kar a dake ta, kasa kaiwa ta yi. A riƙa goge ta da tsumma mai ɗumi tunda ta daina gyara kanta, a duba farata kar su lanƙwashe su shige tafin ƙafa. A ja wa yara kunne su daina ɗaukarta.

Akwai abubuwan da ba a jira gari ya waye: numfashi da baki buɗe, muzuru da ke ta yunƙurin fitsari ba ya fita, ƙafafun baya su mutu lokaci ɗaya, ko ta makance farat ɗaya tana karo da bango, wannan sau da yawa hawan jini ne da ke biyo ciwon ƙoda. Ku ƙirga numfashinta tana barci, daƙiƙa 15 ku ninka sau 4, in kullum yana haura 30 a gaya wa likita, in ya wuce 40 a hanzarta.

Sai maganar da ba a so. Wata rana za ta zo da magani ya daina aiki. Ku samu kalanda ku riƙa sa alama, ranar da ta ci ta sha ta fito hantsi a sa mai kyau, ranar da ta wuni a ɓoye tana amai a sa akasin haka, don zuciya na ruɗin mutum amma takarda ba ta yi. In munanan ranaku suka rinjayi masu kyau, ba ta iya tashi, tana kwanciya cikin fitsarinta, ko ruwa ba ya zama, to lokacin zama a yi shawara ya yi, da likita da wanda ya fi shaƙuwa da ita a gidan, kar a yanke a bayan idon Inna.

Hanya biyu ce. Ko a ci gaba da jinya a gida har Allah Ya karɓi abinSa, da sharaɗin likita ya ba da abin rage zafi da na tashin zuciya, a riƙa juya ta, ana ɗiga mata ruwa da sirinji ta gefen baki in tana iya haɗiya, in ba ta iyawa a jiƙa leɓe kawai kar a shaƙe ta. Ko kuma likita ya yi mata allurar da ke sa barci mai nauyi zuciya ta tsaya cikin 'yan mintuna ba tare da ta ji zafi ba. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, akwai waɗanda suka hana, a fiƙihun Malikiyya kuma akwai maganar halaccin hutar da dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, saboda haka ku je wajen malamin da kuka yarda da shi ku faɗa masa halin da take ciki dalla-dalla da abin da likita ya ce.

Abin da ba ya cikin zaɓi shi ne a sa ta a buhu a kai bayan gari ko bakin kasuwa a yar wai ta nemi na kanta, ko a ba ta shinkafar ɓera, wannan mutuwar azaba ce ta kwanaki. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, to wadda ba ta iya tafiya in aka yar da ita a rana ban ga bambanci mai yawa ba.

In ta mutu kar a jefa ta a bola ko kwalbati. A naɗe ta da tsumma a haƙa rami mai zurfi kamar mita ɗaya, nesa da rijiya, a ɗora dutse ko bulo a kai, musamman in allura aka yi mata, don maganin na zama a jikinta kuma kare ko ungulu in suka ci zai iya kashe su. Kwanonta da bargon a wanke da sabulu da ruwan zafi a shanya a rana kafin wata magen ta yi amfani da su.