Yadda za ka gane rijiyar mai ta fara tasowa

Ɗan ƙanwata ya samu aiki a wurin haƙar mai, sai ya zo ya same ni a gindin darbejiyar ƙofar gida, nan ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Ya ce, "Kawu, kai da ka yi shekaru a bakin rijiyoyin Neja Delta, me zan fara koya?" Na ce masa laka. Ya yi dariya, yana tsammanin zolaya nake.

Lakar da ake turawa ta cikin bututu ita ce ke danne abin da ke ƙasa. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara matsi kusan bar ɗaya (bar ma'aunin matsi ne), don haka rijiya mai zurfin mita 4,000 cike da ruwa zalla tana danne gindinta da kusan bar 400. To akwai duwatsun da gas ya maƙale a cikinsu tun ana binne su, matsinsa ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Idan ya haura psi 10,000, wato kusan bar 690, zafi kuma ya wuce digiri 150 a ma'aunin Celsius, an shiga sahun rijiyoyi masu wuyar sha'ani. Shi ya sa ake zuba wa laka barait, wata hoda da ta fi ruwa nauyi sau huɗu da ɗoriya. Amma kamar damun kunu ne: ta yi ruwa-ruwa, gas ya kutso, ta yi nauyi fiye da kima, ta tsaga dutsen ya shanye ta, gas ɗin ya sake samun ƙofa. A can ƙasa tazarar da ke tsakani ƙanƙanuwa ce ƙwarai.

Saboda haka idonka ya zauna a kan tankin laka. Abin da ka tura shi ya kamata ya dawo. Ka ga tanki yana ƙaruwa ba wanda ya zuba komai, to wani abu ne daga ƙasa ke turo ta. Haka idan haƙa ta yi sauri farat ɗaya kamar an shiga rairayi. Kada ka tsaya gardama da zuciyarka, ka faɗa wa dirila, wato mai sarrafa injin haƙa, nan take. Zai daina juya bututu, ya ɗan ɗaga shi, ya kashe famfo. Sai a leƙa. Famfo a kashe amma laka na ci gaba da malala? A rufe BOP, wato babban makullin ƙarfe da ke bakin rijiya, a karanta matsi, sannan injiniyoyi su lissafa nauyin sabuwar lakar da za ta kwantar da ita.

Lokacin da na fi tsoro shi ne na zare bututu. In aka ja shi da gaggawa yana zuƙo gas kamar sirinji. Wani dare ni ke rubuta yawan lakar da rijiya ke sha bayan kowane zari, sai na ga ta sha ƙasa da lissafi. Kunya ta kama ni, sabon yaro ne ni, na yi shiru har zari biyu. Da na yi magana aka rufe, mun kwana biyu muna kwantar da ita. Shugaban aiki bai zage ni ba, tambaya ɗaya ya yi: yaushe ka fara gani?

Gas yana kumbura ne yayin da yake hawowa, ɗan kaɗan a ƙasa ya zama tuli a sama. A Afrilun 2010 rijiyar da injin haƙa na Deepwater Horizon ke aiki a kanta ta tashi a Tekun Mekziko, mutum 11 suka rasu, kuma alamun sun bayyana kafin wuta ta kama.

Yaron ya tambaye ni ko wannan zai yi masa amfani in aka kai shi Kolmani, can iyakar Bauchi da Gombe inda Buhari ya ƙaddamar da haƙa a 2022. Na ce ya fara sayen ɗan littafi da biro biyu, ɗaya yakan ƙi rubutu in laka ta taɓa shi.